Dariyar Tabarma Uku: Shafi na 14

Ga waɗanda suka cika mini akwatin saƙo da ƙorafin jinkiri: na ji, kuma kuna da gaskiya. Yau mun isa Djougou.

*

Bayan la'asar na sauka a tasha. Tun daga Parakou hannuna yana dafe da aljihun rigata, har matar da ke kusa da ni a taksi ta tambaye ni ko ƙirjina ke ciwo. Na ce mata a'a. Takarda ce a ciki, mai ninki huɗu. Shekara ashirin da bakwai tana wurina, alhali ba tawa ba ce.

Ban buƙaci kowa ya nuna mini ɗakin Yahouza ba. Dariya ce ta kai ni. Tun daga zaure na jiyo ta: mutum kusan arba'in sun fashe a tare, suka lafa a tare, sannan muryar mace ɗaya ta ci gaba ita kaɗai, ta ƙare da cewa, "Wayyo Allah, cikina!"

Duk wanda ya girma a Parakou a zamaninmu ya san wannan dariyar. Ita ce ta Tabarma Uku, wasan barkwancin da muka shekara biyar muna yi a tele: gwauraye uku a ɗakin haya ɗaya a Banikanni, da buta ɗaya, da babbar riga ɗaya da suke karɓa-karɓa idan za a je zance. Ba mu ƙirƙiri komai ba. Ɗakinmu ne na gaske, sana'o'inmu ne na gaske. Ni malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce mini Mushe, kuma ni nake rubuta wasan. Yahouza mahauci. Mansour mai haya da babur, Allah ya ji ƙansa.

Na tsaya a bakin ƙofa.

"Assalamu alaikum."

"Wa alaikumus salam." Ya karkata kai. "Wannan muryar ta mai alli ce. Mushe?"

"Ni ne, Sarkin Fawa."

"To shigo, amma ka jira in naɗe ƙafa, ƙofa ba ta buɗuwa."

Tsohuwar maganarmu ce ta cikin wasa. A ɗakin Banikanni, sai kowa ya naɗe ƙafa kafin ƙofa ta buɗu. A nan kuwa babu abin da ya tare ta. Tabarma ɗaya ce a ɗakin, da buta, da tele a kan akwati.

Na zauna. Yanar ido ta rufe masa idanu duka biyu. Amma ba idanun ne suka tsorata ni ba. Mutumin da babbar rigarmu ba ta rufe masa ciki, yau ana iya ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin singileti.

"Ina gajiya? Ina iyali? Ina Parakou?"

"Lafiya lau. Yaya jiki?"

"Jiki ya tafi yawo, ya bar ni ina gadin ɗaki. Rabona da kai tun jana'izar Mansour. Shekara tara, Mushe. Ko hanyar Djougou ce ta ƙara tsawo?"

"Laifina ne."

"Ai ban ce na wani ba ne."

Ya yi dariya, ni ban iya ba.

Ya ce mini gidan ɗan wansa ne, suna kula da shi daidai gwargwado, ana kawo abinci sau uku, amma kowa yana da hidimarsa. Da can, in ji shi, ana zuwa a ɗauke shi a kai shi Pélébina, ya shafa bayan saniya ya faɗi naman da za ta bayar, kuma ba ya kuskure. Yanzu an daina zuwa.

"To da me kake wuni?"

Ya nuna tele da haɓa.

"Da ku. Kashi sittin da biyu ne. Ina farawa daga na ɗaya, in na kai ƙarshe in koma. Ba na ganin komai, sai inuwa tana motsi. Amma ai ba kallo nake yi ba. Yi shiru, ga wurin nan ya zo."

A cikin tele, Yahouza na wancan zamani yana gudu daga zakaran maƙwabta, wuƙar fawa a hannunsa, yana kiran Mansour ya cece shi. Mutum arba'in suka fashe. Suka lafa. Muryar macen ta ci gaba.

Yahouza ya ɗaga yatsa ɗaya sama, bakinsa a buɗe kaɗan, har ta kai ga "cikina".

"Ka ji ta?"

"Na ji."

"Hamsatou. Duk Parakou babu wanda ya san ita ce, sai ni da kai." Ya gyara zama. "Ka san abin da nake gaya wa kaina? Ta ƙi ni, ba komai, zuciya ba a yi mata dole. Amma ranar da kuka nuna wa maƙwabta wasan zakaran nan don a ɗauki dariyarsu, ni na sa ta wannan dariyar. Ba mijinta ba, ba kowa ba. Ni. Wannan kam ba mai ƙwace mini."

Na yi niyyar in tashi, in ce hanya ce ta biyo da ni, in koma tasha. Sau da yawa na yi irin wannan a rayuwata, kuma na iya.

"Yahouza."

Ya juyo. Ban taɓa kiransa da sunansa ba sai in magana ta yi nauyi.

"Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu. 'Yar Hamsatou ce ta neme ni. Zoulaïha sunanta."

"Hamsatou tana raye?"

"Tana raye. Tana unguwar Guéma, a Parakou. Mijinta ya rasu shekara huɗu ke nan."

"Allah ya ji ƙansa. Me 'yar ta ce?"

"Ka san yaran yanzu suna yanka wasanmu guntu-guntu suna turawa a salula. Wani guntu ya faɗo wa Zoulaïha, uwar tana kusa, ta ji muryarta. Sai ta ce a nemo mata Mushe Mamuda, tana da tambaya. Na yi musu alkawarin zuwa ranar Juma'a."

"Wace tambaya?"

"Ba zan iya amsa mata ba sai na fara gaya maka."

"To ina ji."

"Ranar da aka ɗauki dariyar nan, ba wasan zakara aka nuna musu ba."

Ya juyo da kunnensa wajena. Na ci gaba.

"Kana tune kai kana Pélébina wajen sayen shanu. Mutumin da ya zo daga Cotonou da na'urar ɗaukar murya, yamma ɗaya kawai ya ba mu, gobe zai koma. Muka tara maƙwabta a tsakar gida, muka shimfiɗa tabarmi. Muka kunna musu wasan, kuran ya ɗauke, ba wutar lantarki. Muka ce to su yi dariya haka nan. Ka taɓa ganin mutum arba'in an ce su yi dariya? Suka yi ta kallon na'urar kamar za ta cije su. Mansour ya yi tsalle-tsalle, ya faɗi da gangan, ba wanda ya motsa. Mutumin ya fara naɗe wayarsa. Ya ce, bon, wasan da ba dariya a bayansa ba za a karɓa ba."

"Sai?"

"Sai na sa hannu a aljihu."

Na ga yatsunsa sun kama gefen tabarma.

"Wasiƙarka tana ciki. Wadda ka zaunar da ni kwana biyu kafin nan, kana faɗa ina rubutawa, ka ce in kai wa Hamsatou hannu da hannu."

"Ka kai mata."

"Ban kai ba. Na karanta musu."

A cikin tele aka sake fashewa da dariya. Ba mu motsa ba har ta wuce.

"Ka karanta musu," ya maimaita a hankali.

"Na ce musu wasiƙar wani mahauci ce a wasan da za mu yi nan gaba."

"Ka faɗi sunana?"

"A'a. Na cire naka, na cire nata."

"Da wace murya ka karanta?"

Na kau da kai ina kallon buta.

"Mushe, na tambaye ka."

"Da taka. Na cusa matashin kai a cikin riga. Na yi irin tafiyarka."

Ya gyaɗa kai, kamar mai tabbatar da nauyin nama a hannu.

"Tana wurin."

"Tana layin gaba, kusa da na'ura."

"To wannan da nake ji kullum..."

"Ita ce."

"A wane wuri ta yi ta?"

"Wurin hanta."

Sai ya ce, ba tare da ɗaga murya ba:

"Kashe tele."

Na miƙa hannu na kashe. Sai ɗakin ya zama abin da yake: bango huɗu da tsofaffi biyu. Can cikin gida wata tana dakan sakwara. Akuya tana kuka a bayan katanga.

"Na dawo daga Pélébina ranar Laraba," in ji shi. "Ban ko wanke ƙafa ba na tambaye ka. Ka ce ta karɓa. Ka ce ta ce a gaya mini in yi haƙuri, an riga an yi mata miji."

"Haka na ce."

"Shekara biyu ta yi bayan nan ba ta yi aure ba. Shekara biyu! Na ce a raina, yarinyar nan tana da kunya, ta ƙi ni ne amma ba ta so ta kunyata ni, shi ya sa ta ce an yi mata miji. Har na ƙara ganin girmanta. Kullum da safe ina wucewa ta ƙofar gidansu da tiren nama a ka, ina kallon ƙasa, don kada ta ga kamar ina matsa mata. Ranar da ta gaishe ni ma, na amsa a gaggauce na ƙara sauri. Ka san da haka?"

"Na sani. Ina ganinka."

"Kana ganina."

"Bayan na karanta, ba yadda za a yi in kai mata. Tana buɗewa za ta gane ita ce wadda unguwa ta yi wa dariya."

"To ka ce mini ta ɓace! Ka ce ruwa ya jiƙa ta, ka ce akuya ta cinye! Da na faɗa maka wata. Da na faɗa maka goma. Kai mai rubuta ƙarya sittin da biyu, ka rasa ƙaramar ƙarya ɗaya mai amfani?"

"Da ka faɗi wata, da maganar hanta za ta sake fitowa. Abin da ke ranka ke nan. Da ta gane, da kai ma ka gane."

"In na gane sai me? In mare ka, mu kwana ba ma magana, gobe mu ci tuwo a kwano ɗaya. Sau nawa muka yi haka?"

Na sunkuyar da kai. Akwai sauran abu ɗaya, wanda ko ni kaina ban cika yarda in kalle shi ba. Amma ban yi tafiyar nan don in koma da rabi ba.

"Ba marin na ji tsoro ba. Kaset ɗin ya yi kyau, Yahouza. Mutumin Cotonou ya ce bai taɓa ɗaukar dariya irinta ba. Na san in ka ji gaskiya za ka ce a ƙona shi, kuma kana da haƙƙin faɗa. Ba mu da wata dariyar. Na auna wasan, na auna ka. Na zaɓi wasan."

"Voilà," ya ce. "Yanzu ka yi magana."

Ya jingina da bango, ya rufe idanun da ba sa gani.

"Tabarmata tana kusa da taka shekara bakwai. Numfashinka nake ji kafin in yi barci. In zazzaɓi ya kama ka ni nake dafa maka romo. Duk Asabar mu zauna mu uku muna kallon kanmu, in ta yi dariya in taɓa ka da gwiwar hannu in ce, ka ji ta? Kai kuma ka ce, na ji."

"Na'am."

"Na yi aure sau ɗaya, ka sani. Wata goma sha huɗu. Da za ta tafi ta ce, kai a gidanka kamar baƙo kake. Ba ta yi ƙarya ba."

"Ka yafe mini, don girman Allah."

"Kada ka yi sauri, Mushe. Shekara ashirin da bakwai ka yi kana tahowa a hankali. Kada ka iso yau ka ce a sallame ka yau."

Hukunci ne na adalci, kuma ban sa ran wanda ya fi shi sauƙi ba.

"Yanzu ka ƙwace mini abin da na ce ba mai ƙwacewa," in ji shi. "Gobe da me zan wuni?"

Wannan ce tambayar da ta hana ni zuwa shekara tara.

Bayan wani lokaci ya ce:

"Mece ce tambayar tata?"

"Zoulaïha ta ce akwai magana ɗaya daga wasiƙar da uwarsu ba ta taɓa mantawa ba. Ta zama abin wasa a gidansu, har jikoki suna faɗa in wani ya ci ya ƙoshi. Amma ta ce tun bayan rasuwar mijin, uwar ta daina dariya in an faɗe ta. Ta ce ta yi ta tunani, ta gane wannan ba maganar marubuci ba ce. Ta ce malamin lakwal bai san hanta haka ba, mutum ne na gaske ya faɗa. Tana so ta san wane ne bawan Allahn, kuma wace ce yarinyar, kuma ko sun yi aure."

Ya miƙo hannu.

"Ina takardar?"

"Tana aljihuna."

"Ba ni."

Na ba shi. Ya buɗe ninkin a hankali, ya shafa ta da tafin hannu, ya kai ta hanci. Sannan ya miƙo mini.

"Karanta. Da muryarka. Kuma ka mayar da sunayen inda suke."

Rubutuna ne na ƙuruciya, tawada ta koɗe.

"Zuwa ga Hamsatou. Bayan gaisuwa mai yawa. Ni ne Yahouza mahauci, wanda yake wucewa ta ƙofarku da safe. Ban iya magana ba, shi ya sa na sa Mushe ya rubuta. Ina sanar da ke cewa wata takwas ke nan, duk ranar da na yanka saniya sai in cire wurin da ya fi kyau a hanta, in naɗe a takarda, in ce wannan na Hamsatou ne. In na iso ƙofarku sai ƙafata ta ƙi tsayawa. Sai in kai gida in gasa, in cinye ni kaɗai ina jin haushin kaina. Saboda haka duk ƙibar nan da kike gani a jikina, taki ce. Idan kin yarda, zan turo manya. Idan ba ki yarda ba, ki gaya wa Mushe, ba zan ƙara damun ki ba."

Na kai ƙarshe. Babu wanda ya yi dariya. Dakan sakwara ma ya tsaya.

"Ashe ba ta da muni," ya ce a hankali.

"Ba ta da muni. Ban taɓa rubuta abin da ya kai ta ba."

"Ai ba kai ka rubuta ba. Hannu kawai ka ara mini."

Ya shafa ƙirjinsa, inda ƙasusuwa suka fito.

"Kayan mutane ma na kasa riƙewa. Duk ƙibar ta zube."

Sai salulata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro, na duba.

"Wane ne?"

"Zoulaïha ce."

"Ɗauka. Ka buɗe murya in ji."

Na ɗauka.

"Assalamu alaikum, Baba Mamuda, ina wuni? Ka yi haƙuri na dame ka. Likita ya matso da ranar aikin tiyatar Inna, gobe da sassafe za mu wuce Cotonou. Ta ce Juma'a ta yi mata nisa, kuma ba wanda ya san yadda aiki zai kasance. Ta ce ko a waya ne ka gaya mata. Ga ta nan kusa da ni."

Aka ji motsin zane, da numfashi, sannan muryar da ta tsufa amma ba ta canja ba.

"Mushe? Ina gajiya? Kai ma ka tsufa kamar mu, ko?"

Na buɗe baki. Kafin in ce komai, na ga hannun Yahouza ya miƙo, tafin a buɗe.

Na ɗora masa salular.

Ya riƙe ta da hannu biyu a gaban bakinsa. Ya gyara wuyan singiletinsa, kamar tana ganinsa.

"Alo? Mushe, kana ji na? Wa ke nan?"

Ya yi gyaran murya.

"Hamsatou, ina wuni. Yahouza ne. Mai hantar."

Daga ni har shi, mun san abin da yake biyo bayan wannan wurin. Mun ji shi sau dubbai. Muka tsaya muna jiran dariyar.

Ba ta zo ba.